Kan Burtun Baba

Sana'ata haɗa haƙoran roba ce. Ba ni ke cire haƙori ba, ba ni ke yin allura ba. Ni ina can ɗakin baya a asibitin da nake aiki a Kano, a kawo mini samfurin bakin mutumin da ban taɓa gani ba, in zauna in gina masa abin da zai tauna nama da shi. Kuma na iya aikina, ba yabon kai ba. Mutum ɗaya ne ya raina sana'ar nan a gaban idona ban iya yi masa komai ba, shi ne mahaifina.

"Ga uwata, mai sa wa mutane haƙoran ƙarya." Haka yake gabatar da ni ga baƙi. Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Ni kuwa bakina ba ya mutuwa, sai in ce, "Baba, kai da ka yi rabin rayuwarka kana yawo a daji da kan ƙarya, kai ne za ka yi wa wani gori?" Sai ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, Inna ta miƙo masa ruwa tana cewa mu biyun duk ba mu da aikin yi.

Kan ƙaryar da nake nufi kan burtu ne. Baba maharbi ne a zamaninsa, a ƙauyenmu da ke bayan Jajaye ta ƙasar Rogo. Burtu kuwa, ga wanda ya tashi a birni, wani baƙin tsuntsu ne ƙato, ya fi talo-talo tsayi, yana tafiya a ƙasa cikin ƙasaita, da dogon baki da gashin ido zara-zara. Namun daji ba sa tsoronsa. Barewa tana kiwo zai wuce ta gefenta, ko kai ba za ta ɗaga ba. Shi ya sa maharba ke samun ƙoƙon kan burtu da bakinsa, su kafa a kan wani lanƙwasasshen ice da aka lulluɓe da baƙar fata, su ɗaura a goshi, su yafa baƙin zane, su shiga ciyawa da rarrafe suna gyaɗa kai. Har a je dab da nama yana ganin burtu ne ke neman fara.

Na Baba yana rataye a ɗakinsa, saitin gado, an jera masa jajayen 'ya'yan tsiron nan idon zakara, an manna su da kakin zuma. Tun muna yara an hana mu taɓa shi. Daji ya ƙare, gonaki sun cinye shi, bindigar ma tuntuni ya bayar da ita, gwiwoyinsa sun daina yarda da durƙuso in ba na salla ba. Amma duk Juma'a kafin ya tafi masallaci sai ya sauko da kan nan ya shafe shi da man gyaɗa. Wani mai tara kayan tarihi ya zo neman sayensa daga birni har sau biyu. Duk zuwan Baba ya ba shi fura ya sha, ya raka shi bakin hanya, ya dawo ya zauna.

Wata kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, Inna ta kira ni a waya. Sai da ta tambayi maigidana da yara da gajiyar aiki, har da maƙwabciyata da sau ɗaya tak ta taɓa gani, sannan ta ce, "Malam fa ya tsinto wa kansa aiki, ya hana gidan nan sakat."

Wai burtu ya samu a gefen gonarmu, tarkon ƙarfe da wani ya ɗana wa zomo ya datse masa saman baki. Ya ƙunso shi a buhu ya kawo gida, ya zuba shi a tsohon ɗakin awaki. Raunin ya fara bushewa, amma tsuntsun ba ya iya ɗaukar komai da kansa, sai dai a ɗura masa.

"Yau kwana tara," in ji Inna. "Ni na zama mai kamun fara, shi ya zama mai ɗura. Shi Malam ɗin abincin kirki ba ya ci, duk ya zabge. Ya ce in tambaye ki, wai ku masu haƙoran ƙarya, ba kwa yin baki?"

Tunda na fara aiki Baba bai taɓa neman komai a hannuna ba, ko goro na kai masa sai ya ce da na bar wa yara. Wallahi daɗi na ji, da wani ɗan girman kai a ciki, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, ashe za a zo wurin.

Ina da wata ƙawa likitar dabbobi, tare muka yi sakandare. Na je gidanta da yamma na ba ta labari. Ta buɗe wayarta ta nuna mini hotunan tsuntsaye na wasu ƙasashe masu zafi irin namu, waɗanda bakinsu ya karye aka yi musu ƙari. Ta ce sau da yawa da kayan aikinmu na haƙori ake yi, garin nan da muke kwaɓawa da ruwa mai ƙarfin wari ya daskare ya zama roba. Ta ba ni maganin wanke rauni, ta ja mini kunne kada in huda kusa da gindin baki, don nan akwai jini da jin zafi, kada kuma in toshe masa hanci. Ta ce, "Sannan ki kula da nauyi." Na ce mata na ji, alhali hankalina ya riga ya tafi kan yadda Baba zai kalle ni in na gama.

Ranar Juma'a na tashi aiki da wuri, na biyo ta Karaye, na sauka Rogo Sabon Gari na hau babur. Ana kiran magariba na shiga gida. Baba ya rame da gaske, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya ja ni ɗakin awaki.

Burtun namiji ne, maƙogwaronsa ja da shuɗi, sai dai jan ya koɗe ya yamutse. Yana tsaye a lungu yana kallonmu da ido ɗaya, gashin idon nan na sauka a hankali yana tashi. Saman bakin ya gutsure kamar tsawon ɗan yatsana manuni, na ƙasa ya zarce shi kaɗai kamar cokali. Baba ya jefa masa fara a ƙasa don in gani. Ya kai sara, farar ta zame. Ya sake kai wa, ta sake zamewa, ta yi tsalle ta bar wurin. Sai ya ɗaga kai ya tsaya kawai, bai ƙara gwadawa ba. Tausayi ya kama ni har na kau da kai.

Da asuba, bayan salla, na fito tsakar gida na tarar da Baba a kan buzunsa da carbi a hannu. Ina shirin gaishe shi ya ɗaga mini yatsa. Daga can bayan gonaki, wajen itatuwan ɗorawa, wata murya mai zurfi ta taso, gum, gum-gum, kamar ana buga tulu da tafin hannu. Daga ɗakin awaki namu ya amsa, murya a shaƙe.

"Matarsa ce," in ji Baba. "Kullum sai ta zo. Su biyu suke tafiya, ba sa rabuwa. In aka gama cirar gyaɗa shanu suka shigo gonaki, za ta yi nisa, ba kuma zai san inda ta yi ba. In na sake shi a haka, yunwa za ta kashe shi a gabanta. So nake ya ci da kansa kafin ta gaji da kira, uwata. Shi ke nan abin da nake nema."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, aikin yini ɗaya ne.

Hantsi na yi muka fara. Baba ya naɗe tsuntsun da tsohon zanen Inna, ya zura masa hularsa a kai don ya rufe masa ido. Inna ta riƙe ƙafafu tana mita, wai ita da ta aurar da 'ya'ya biyar yau ita ce ungozomar burtu. Na wanke raunin, na ɗauki samfurin abin da ya rage na bakin kamar yadda nake yi wa mutane, na zuba, na jira ya bushe, na baje kayana a kan tabarma a inuwar rumbu.

A nan na yi shirmen da har yau in na tuna nake jin kunya. Da na haɗa sama da ƙasa a samfurin, sai na ga akwai tazara a tsakiyar bakin, har haske na wucewa. A sana'armu wannan abin kunya ne. Haƙoran sama da na ƙasa dole su haɗu ko'ina, in ka bar kafa an dawo maka da aiki. Sai na yanke cewa tarkon ne ya lanƙwasa shi, na ɗebo roba na cike wurin dam, na yi mata kauri don kada ta karye. Robar kuma da na zo da ita ta dasashi ce, launin cikin leɓe, don ita ce a jakata ban ko yi tunanin launi ba.

Baba yana zaune a kan turmi yana kallon hannuna. Ya yi gyaran murya ya ce, "Uwata, ai wurin nan da kike cikewa..."

Ni kuwa zafi ya dame ni, robar tana neman daskarewa a hannuna. Na ce, "Baba, don Allah ka bar ni da aikina. Ni na taɓa koya maka harbi?"

Ya ce, "A'a, ba ki taɓa ba." Inna ta watso mini harara, na yi kamar ban gani ba.

Bayan azahar muka manna masa. Da aka cire hular, Inna ta kalle shi sau ɗaya ta cusa bakin mayafinta a baki, kafaɗunta na rawa. Ƙaton baƙin tsuntsu mai kwarjini, ga shi da baki kamar ya shafa jambaki. Ni ban yi dariya ba, don na ga yadda kansa ke rinjaya ƙasa. Aka jefa fara. Ya kai sara, tsakiyar bakin da na cike ta riga haɗuwa, tsinin ya tsaya a buɗe, farar ta fice abinta. Ya yi ta girgiza kai, ya yi ta goga bakin a bango. Kafin la'asar ya ɓamɓare aikina ya yar a cikin kashin awaki, ya kuma fama raunin har ya ɗan yi jini.

Na zagaya bayan rumbu na yi kuka. Kukan haushi ne, na kaina nake ji, ba na kowa ba. Mace da 'ya'yana, na zo da jaka da fankama, na ƙara wa mara lafiya ciwo, na kuma yi wa ubana tsawa a gaban matarsa.

Washegari da safe, bayan matar burtun ta yi kiranta ta gaji, Baba ya aiko Inna ta ce yana nemana a ɗaki. Na shiga na durƙusa na ce ya yafe mini maganar jiya. Ya ce, "Wace magana? Tashi ki sauko mini da wancan."

Na kalli inda yake nunawa, na kalle shi. Ya ce, "Sauko da shi mana, ba ya cizo."

Ranar na fara taɓa kan burtun Baba. Abin da ya fara ba ni mamaki rashin nauyinsa. Icen ne kawai ke da ɗan nauyi, bakin kansa kamar busasshen ludayi. Ya karɓa ya ɗaga shi saitin ƙofa ya ce in duba. Haske na wucewa ta tsakiyar bakin, daidai wurin da na cike jiya. Tsinin sama da na ƙasa ne kaɗai suka haɗu.

"Haka Allah Ya yi shi," in ji Baba. "Kamar hantsakin cire ƙaya. Da tsini yake kamawa, ya wurga sama ya cafe. Ba tauna yake yi ba irin mutanenki. Shekara da shekaru bakin nan yana tsakanin idanuna, ko a mafarki na san shi."

Na ce, "To me ya sa ba ka ƙarasa gaya mini ba jiya?"

Ya ce, "Kin ce a bar ki da aikinki."

Na sunkuyar da kai. Ya ɗora kan a cinyarsa yana shafa shi, sannan ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa a cikinmu ba. Ya ce yana saurayi, kawunsa da ya koya masa farauta ya gaya masa maharbi ba ya harbin burtu, sai dai ya jira ya tsinci mushensa ko ya gaji kan wani. Shi kuwa ya ƙosa ya zama cikakken maharbi, sa'o'insa duk sun samu. Wata safiya a bakin rafi ya ga biyu suna kiwo, ya zaɓi namijin ya harbe.

"Matar ta yi kwana da kwanaki tana zagaya wurin tana kira," in ji shi. "Daga ɗakin mahaifiyata nake jin ta. Da kan nan na ci nama, da shi na auri innarki, da shi na ciyar da ku. Na ɗauka na manta da muryar nan. Sai da wannan ta fara na san tana nan inda na bar ta."

Ya miƙo mini. "Auna ki gani, ko tsinin zai yi masa."

Sai a lokacin na gane abin da yake nufi. Na ce, "Haba Baba. Wannan fa shi kaɗai ya rage maka. Bari in koma Kano in yi wani, baƙi, mara nauyi, yanzu ai na gane."

"Yaushe za ki dawo?"

"Asabar mai zuwa, in Allah Ya yarda."

"Ita kin gaya mata ta jira Asabar?"

Na ɗauko samfurin jiya na gwada. Tsohon bakin ya ɗan fi faɗi kaɗan, wanda hakan ma ya fi, don zai shige kan ragowar kamar wuƙa a kube. Na yi masa alama da fensir. Na ɗauko ɗan zartona zan yanka, Baba ya ce in ba shi, shi zai yi. Na riƙe masa icen. Ya yi bisimilla ya fara. Ƙarar zarton ba ta da daɗin ji ko kaɗan. Girgizar ta sa 'ya'yan idon zakara suka riƙa ɓallewa suna gangarawa ƙarƙashin gado. Inna ta shigo ta gani, ta durƙusa tana tsince su ɗaya bayan ɗaya tana ƙullewa a bakin zaninta.

Man Juma'o'in nan ya ba ni wahala. Shi ya hana bakin tsagewa duk tsawon shekarun, amma kuma babu abin da ke kama mai. Na wanke da sabulun wanki, na sake wankewa da ruwan aikinmu, na kankare cikin da magagari har ya yi kaushi. Na huda ƙananan kafofi biyu a gefen da ba jini, na shirya siririyar waya wadda ba ta tsatsa. Robar kuwa ɗan shafe kawai na yi daga ciki. Inna ce ta ce in dama ta da garin gawayi, kada matar ta gan shi da jan baki ta ce ba mijinta ba ne. Ta daka mini ta tankaɗe.

Wannan karon duk abin da zan yi sai na ɗaga na ce, "Baba, duba, nan ya yi?" Ya kanne ido ɗaya ya ce, "Rage kaɗan ta hagu." In rage. Da muka ɗora wa tsuntsun, kafin roba ta kama, Baba ya zura tsinken tsintsiya tsakanin tsinin sama da na ƙasa, ya matse bakin a hankali ya ja. Tsinken ya zame. Na ɗan karkatar. Ya sake ja, ya zame. A karo na uku tsinken ya tsaya cak, har ya ja kan tsuntsun ya biyo shi. Ya ce, "Riƙe a nan, kada ki numfasa." Na riƙe har yatsuna suka sage.

Da aka cire hular, in ba ka matso kusa ka ga wayar ba, ba za ka ce an yi ƙari ba. Sai dai tsuntsun ya ƙi gwadawa. Ya girgiza kai, ya goga a bango sau biyu, abin bai motsa ba, ya koma lungunsa ya tsaya. Na kira wurin aiki na roƙi kwana uku.

Baba ya ce a daina ɗura masa, yunwa ce za ta koya masa. Shi ya kafa dokar, shi kuma ta fi damu. Yinin Litinin ya kai sau goma yana zuwa bakin ƙofar da fara a hannu yana komowa. Abin da ya fi tayar masa da hankali, a safiyar nan matar ba ta yi kira ba. Mun zauna a tsakar gida har rana ta fito, ba mu ji komai ba sai zakaru da ƙararrawar shanun da suka fara shigowa gonakin gabas. Talata ma haka. Baba ya naɗe buzunsa ya ce, "Ta tafi." Ni kuwa na san yinin da na ɓata da jambakina yana cikin lissafin, ko da bai faɗa ba.

Da hantsin Talatar Inna ta dawo daga bayan gari da fara a kwano, waɗanda ta kama tun raɓa ba ta bushe a fiffikensu ba. Ta ce ita dai ta gaji da kallon mazaje biyu suna azumin da ba a sa su ba. Ta buɗe ƙofar ta watsa su a ƙasa. Muka tsaya daga baya.

Ya daɗe yana kallonsu da ido ɗaya. Ya tako sau ɗaya, ya sake takowa. Ya sunkuyar da kai a hankali kamar mai tsoron ƙasa za ta cije shi, ya sa tsini ya ɗauki ɗaya. Ta tsaya. Ya riƙe ta tana harba ƙafafu, shi ma kamar bai yarda ba. Sai ya wurga ta sama, ya buɗe baki ya cafe, muka ga ta wuce ta maƙogwaro. Ya ɗauki ta biyu. Kafin a jima yana bin su lungu-lungu.

Inna ta ce, "Alhamdu lillahi." Na juya in kalli Baba. Ya zauna a kan turmi, hawaye na bin gemunsa, bai ma damu ya share ba.

"Uwata," ya ce, "tun kafin a haife ki rabon bakin nan da abinci."

Can ya ja hanci ya tambayi Inna ko akwai sauran ɗumame. Ta ce akwai, ta tafi kawowa da sauri kamar yarinya.

Da yamma muka yi gardama. Ni so nake a bar tsuntsun mako guda in tabbatar aikin ya kama. Baba ya ce gobe da asuba za a sake shi, in tana kusa ta ji muryarsa daga fili, ba daga ɗakin awaki ba. Na buɗe baki zan ce aikina ne, na san abin da nake faɗa, sai na tuna inda wannan maganar ta kai ni. Na sake duba wayar, na girgiza bakin da hannuna, bai motsa ba. Na ce, "To Baba, yadda ka ce."

Gari na fara haske muka sa shi a buhu muka ɗora a baro. Ni ke turawa, Baba na biye da sandarsa, muna tsayawa yana hutawa. Muka bi ta gonakin da aka cire gyaɗa, harawa a tare tsibi-tsibi, har gindin ɗorawa. Baba ya kwance bakin buhun da kansa muka ja da baya.

Ya fito ya girgiza jiki, ya buɗe fiffike har muka ga fararen gashin da ke ɓoye a ciki. Ya kumbura maƙogwaro ya yi kira. Shiru. Ya sake yi. Babu komai sai kukan kurciya. Na saci kallon Baba, leɓensa na motsi, ya dafa sandar da hannu biyu. Tsuntsun ya yi na uku, ya tsaya da kai a karkace.

Sai ga ta, can nesa sosai ta wajen rafi, da ƙyar ake ji. Gum, gum-gum.

Bai tashi sama ba. Takawa ya yi, irin tafiyarsu ta ƙasaita, ya nufi inda muryar take. Ya ɗan yi nisa sai ya tsaya a gindin wata kunya, ya kai sara, ya ɗago da ƙadangare a tsinin bakinsa. Na jira ya wurga ya haɗiye, bai wurga ba. Ya ci gaba da tafiya da shi yana reto.

Na ce, "Baba, ya kasa haɗiyewa. Wani abu ya goce, na gaya maka a bar shi mako guda."

Baba bai ɗauke ido daga kansa ba. Ya ce, "Babu abin da ya goce, uwata. Tsaraba ce zai kai mata."

Muka tsaya har ciyawa ta rufe shi. Da za mu koma, Baba ya jefa sandarsa a cikin baro ya dafa kafaɗata, muka taho a hankali. Ranar Juma'ar da ta biyo, Inna ta gaya mini a waya, ya sauko da kan nan mai guntun baki ya shafe shi da man gyaɗa kamar kullum, sannan ya tafi masallaci.